The Wolfman na 2010: dodon ya yi kyau, amma me ya sa suka taɓa uban?

Jama'a yau dai sai na amayar da abinda ke cikina game da fim ɗin nan The Wolfman na 2010, don na gaji da jin ana cewa shirme ne, alhali yawancin masu faɗin hakan gajeren suka kalla, wanda aka haska a silima. Ni faifan Blu-ray na saya mai ɗauke da kala biyu, gajeren da kuma dogon mai minti 119, kuma satin nan ni da ƙanina muka zauna muka fara da tsohon The Wolf Man na 1941, wanda shi aka sake yi a 2010, daren Juma'a, washegari muka ɗora da dogon, tun daga lokacin kuwa musu muke har yanzu ba mu gama ba.

Ga wanda bai san labarin ba, mutum ne kerkeci ya cije shi, sai ya zama duk daren da wata ya cika yana rikiɗa ya koma dabba, ya fita ya kashe mutane, gari na wayewa ya farka jina-jina bai san me ya aikata ba. Mu da muka taso muna jin labarin masu rikiɗa su zama kura da dare, abin ba baƙo ba ne a kunnenmu, bambancin kawai namu na tatsuniya da saninsa yake yi, wannan kuwa bawan Allah ne da bai nema ba, ƙaddara ce ta faɗa masa, kuma nan ne duk daɗin labarin yake.

Tsohon fim ɗin kamfanin Universal ne suka yi shi, baƙi da fari, tsawonsa minti 70 kacal, ya fito a Disambar 1941 kwanaki kaɗan bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor. Lon Chaney Jr. ne ya fito a Larry Talbot, Claude Rains ya fito a babansa Sir John. Wanda ya rubuta labarin, Curt Siodmak, Bayahude ne da ya gudo daga Jamus saboda 'yan Nazi, in ka san wannan sai ka fahimci dalilin da ya sa labarin ya ginu a kan mutumin kirki da aka sa wa tambari a jiki, bai yi laifin komai ba amma an riga an yanke masa hukunci. Ƙarshensa kuwa wallahi har yau yana taɓa ni. Larry da kansa ya roƙi babansa ya tafi da sandarsa mai kan azurfa, uban da tun farko bai yarda da maganar rikiɗa ba yana ganin ɗansa taɓin hankali ne ke damunsa, ya shiga daji ya tarar da dabba ta kama Gwen, yarinyar da Larry ke so, ya dinga jibgarta da sandar har ta mutu, sai a gaban idonsa gashin ya fara bajewa fuskar ɗansa ta bayyana. Ba ihu ba komai, kallon da Claude Rains ya yi kawai ya isa.

To ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kansa.

Na 2010 ɗin dai tun kafin ya fito ya sha wahala. Daraktan farko Mark Romanek ya ajiye aikin saura 'yan makonni a fara ɗauka, aka ɗauko Joe Johnston cikin gaggawa, aka yi ta ɗaga ranar fitowa tun daga 2008 har sai Fabrairun 2010, kiɗan da Danny Elfman ya yi ma sai da aka cire shi sannan aka dawo da shi. An kashe wajen dala miliyan 150, abinda ya shigo a silima bai ma kai hakan ba. Har shugaban Universal na lokacin Ron Meyer ya fito daga baya ya sa shi cikin mafi munin finafinan da suka taɓa yi. Ni kam ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma ga dalilina.

Kalli dodon kawai. Rick Baker ne ya haɗa fuskar, shi ne dai wanda ya yi An American Werewolf in London na 1981 ya ci Oscar da shi, kuma wannan ma shi da Dave Elsey sun ci Oscar na kwalliya a 2011. Abinda ya burge ni shine bai mayar da shi wani ƙaton kare mai tafiya da ƙafa huɗu ba kamar yadda ake ta yi a finafinan zamanin nan, ya bi sawun Jack Pierce wanda ya yi na 1941 da gashin dabba yana liƙawa a fuskar Chaney awa da awanni. Dodon yana tsaye da ƙafa biyu, yagaggiyar riga na jikinsa, in ka dubi idon kana ganin Benicio del Toro a ciki, mutum ne har yanzu, kuma wannan ya fi ban tsoro nesa ba kusa ba. Sai in zai yi gudu ne yake faɗawa ƙasa da hannu da ƙafa. Del Toro ɗin ma tun yana yaro masoyin tsohon fim ɗin ne kuma yana cikin furodusoshin wannan, kana gani ka san ba don kuɗi kawai ya shiga ba.

Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya shine wajen rikiɗar kanta, da kwamfuta aka yi ta, ga Rick Baker a zaune a wurin amma ba a ba shi dama ya yi da hannu ba. Yatsu na karyewa, baki na tsawo, amma kana gani ka san zane ne, babu nauyi a jikinsa. Haka beyar nan ta sansanin su Maleva, tsohuwar nan mai duba, ita ma kwamfuta ce kuma ta fito fili. Abin da ciwo, kamar ka kira gwanin maɗinki ya yanka maka shadda sannan ka kai wa ɗan koyo ya yi aikin wuyan.

Duk da haka akwai wani sin da ba na gajiya da shi, na asibitin mahaukata na Lambeth a Landan. Sun kama Lawrence, wato Larry na wannan fim ɗin da del Toro ya fito a matsayinsa, suna ta tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara suna jona masa lantarki wai magani suke masa, sannan likitan ya ɗaure shi a kujera ya tara manyan likitoci a ɗaki a daren da wata ya cika don ya nuna musu cewa duk ruɗu ne, ya juya masa baya yana ta zuba bayani, shi kuwa Lawrence yana roƙonsu yana gargaɗinsu, a bayan likitan ƙasusuwa sun fara motsi, 'yan kallo sun gani shi bai gani ba, ga ƙofa a kulle. Ƙanina sai da ya miƙe tsaye. Daga nan dodon ya fasa taga ya hau rufin gidajen Landan, Hugo Weaving a matsayin sufeto Aberline yana binsa. Wannan wajen kaɗai ya biya ni kuɗin faifan.

Ga kuma kyan hoto. An mayar da labarin shekarar 1891, wani ƙauye Blackmoor, hazo ko'ina, daji baƙi ƙirin, gidan su Talbot kuwa a Chatsworth House aka ɗauka suka mayar da shi kamar kango, ganye a ƙasa yanar gizo-gizo a bango. A Blu-ray ɗin duhun yana fita tas, amma ku kashe fitila kafin ku kunna, da rana ba za ku ga rabin abin ba. Jini kam akwai shi sosai, kai na cirewa hanji na zuba, ba fim ɗin yara ba ne, kar a kunna a falo.

Dogon ya fi gajeren ne saboda yana ba ka lokaci ka san mutumin kafin a cije shi. A gajeren kamar ana kora ka ne a kai ka wajen jini. A dogon za ka ga Lawrence a matsayinsa na ɗan wasan dandamali a Landan, Gwen, wato Emily Blunt, ta zo da kanta ta same shi ta gaya masa ɗan'uwansa Ben ya ɓace, sannan ga sin ɗin jirgin ƙasa inda wani dattijo, Max von Sydow, ya bar masa sanda mai kan kerkeci na azurfa. A gajeren an yanke wannan gaba ɗaya, sanda kawai kake gani a hannunsa. Ni dai ban ga hikimar yanke ɗan wasa kamar von Sydow ba.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri zan fasa ƙwan. Sun mayar da uban shi ma kerkeci. Anthony Hopkins ne Sir John, wai tun shekarun baya wani yaro ya cije shi a wani kogo can yankin Indiya, shi ya kashe matarsa uwar Lawrence, shi ya kashe Ben, shi ya ciji Lawrence, kuma ba ya nadama, daɗin abin ma yake ji. Har baransa Singh da ya tanadi harsashin azurfa shekara da shekaru, ashe tsohon ya riga ya zare albarushin ciki. Ƙarshe sai ga uba da ɗa duk sun rikiɗa suna dambe cikin gida yana cin wuta, suna tsalle suna jifa da juna, har ɗan ya fille wa uban kai.

Ƙanina ya ce wannan ne ma ya fi masa daɗi, wai tsohon ba faɗa a ciki sai surutu, kuma na san da yawa ra'ayinsu kenan, masu son jini da gudu suna tare da na 2010, masu riƙo da na Chaney kuma suna ganin an ci amanar labarin. Ni a kan dodon da hoton ina tare da masu son na 2010, a kan uban ina tare da masu riƙo da na Chaney ɗari bisa ɗari. Don a 1941 ba mugu ko ɗaya a labarin, uban yana son ɗansa, taurin kai ne kawai da rashin yarda da abinda bai gani a littafi ba, shi ya sa da ya kashe shi da hannunsa kai ma sai ka ji kamar kai ka yi. Da zarar ka ba labarin mugu to ka sauke wa mai kallo nauyi, yanzu akwai wanda za a tsana, a kashe shi kowa ya huta. Hopkins ya iya wasa ba musu, yana murmushi yana cin tuffa kamar ba abinda ya dame shi, amma tun fitowarsa ta farko ka san da wata a ƙasa, ba sirrin da ya rage. Harbin da Gwen ta yi wa Lawrence da harsashin azurfa a ƙarshe ya kamata ya sa mutum hawaye, sai dai ya zo bayan an gama damben nan hankali ya riga ya tafi wani wuri, kuma soyayyar tasu ma ba a gina ta da kyau ba, jifan dutse a bakin ruwa ne kawai sai ga shi wai sun shaƙu.

Wani abin da na lura, tunda Wolf Man na Leigh Whannell ya fito a Janairun 2025, wanda aka kai labarin Oregon aka mayar da rikiɗar kamar wata cuta mai cin jiki a hankali, dodon ba gashin kirki, mutane da yawa da suka zagi na 2010 sun dawo suna yabonsa, suna cewa ashe wancan ya san darajar tsohon. Na ji daɗin hakan gaskiya, ko ba komai aikin Baker ya samu masu kare shi.

In za ku saya ku duba bayan kwalin ku tabbatar akwai dogon a ciki. Maki na ba shi 7 cikin 10, ukun da na cire biyu na uban ne ɗaya na kwamfuta. Kuma dan Allah ku nemi na 1941 ku fara da shi, minti 70 ne, ko bayan isha'i kuka kunna za ku gama kafin barci ya zo.