Waya ko laftof: da wanne za ka gina gari a Minecraft?

Ɗan'uwa, kan tambayarka ta ko ka sayi wasan gini da bulo na Minecraft na waya yanzu ko ka jira kuɗin laftof su haɗu: in dai gari kake nufi, mai tituna da kasuwa da ganuwa, ka jira. Ka nemi laftof ta hannu mai lafiya, ka sa Minecraft Java, wato nau'in wasan na kwamfuta, a kai.

Nawa garin a kanta na gina shi. Abin da ya tayar mini da tsimi shi ne gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke nan Jos, inda aka sake gina wani yanki na ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da ƙasa zalla. Na ƙudurta sai na yi irinsa: ganuwa da ƙofofinta, gidaje masu zaure da zanko a saman soro. Aka yi dace, tun 2022 wasan ya samu bulon laka. A Survival ma, wato yanayin wasan da kake nemo kayan gini da kanka, sai ka zuba wa ƙasa ruwan kwalba ta zama laka, ka haɗa ta da alkama kafin ka samu tubali, kamar yadda maginanmu ke kwaɓa ƙasa da ciyawa. Launin ya zauna daram da ginin Hausa.

Ganuwar ce ta sa na ƙaunaci laftof ɗin nan. A Java akwai WorldEdit, wani ƙari ne kyauta da ake ɗora wa wasan. Gatarin katako kake riƙewa, ka danna hagun maus a kusurwa ɗaya ta ginin, ka danna dama a ɗaya kusurwar, shi ke nan ka kama duk abin da ke tsakani. Na zauna na tsara guntun ganuwa da hannu, bulo bayan bulo, gindi da faɗi, sama na tsukewa. Sannan na rubuta umarnin //stack, mai maimaita abin da ka kama, ganuwa ta miƙe ta wuce iya ganina. Daren hunturu ne, sanyin Jos ya hana kowa fita, ƙanena na gefena cikin bargo, sai da ya tashi zaune yana cewa "Yaya, sake yi in gani!" Inda ta shiga cikin tudu ba daidai ba, //undo ɗaya ya mayar da komai yadda yake. Wanda ke gina gari yana rushewa fiye da yadda yake ginawa, don haka wannan umarnin ya fi mini komai amfani.

Na waya kuwa, wato Bedrock, na taɓa sayensa. Ya fi araha, kuma in an ɗauke wuta yana nan a hannunka, iyakar yabonsa ke nan a wurina. Yatsa na rufe wurin da kake son ajiye bulo, waya na zafi, kuma umarnin /fill na cike wuri da bulo ba ya wuce bulo 32,768 a karo ɗaya, ba shi da komawa baya in ka yi kuskuren lamba.

Babbar matsalar ita ce hangen nesa. Wasan yana raba duniya gunduwa-gunduwa, kowace bulo 16 a tsawo, 16 a faɗi, kuma ƙarfin na'urarka ne ke yanke gunduwa nawa za ka hango. A ƙaramar waya dole ka rage, sai ƙarshen titinka ya ɓace cikin hazo. Ta yaya za ka san ko kasuwa ta yi wa masallaci kusa, ko ƙofar gari ta fuskanci babban titi, alhali ba ka ganinsu tare?

Tunda ka kama hanyar, ga abin da zan nace maka. Shimfiɗa tituna kafin ka aza tubalin gida ko ɗaya, ko da ulu mai launi ne ka ja layinsu a ƙasa. Bulo ɗaya mita ɗaya ne, ƙofa bulo biyu ce a tsayi, da wannan za ka auna komai. Ni babban titi ina ba shi bulo tara, lungu uku, don lungu in ya yi faɗi unguwa ba ta yin kama da tamu. Kuma don Allah kada ka baje filin ya zama shafal. Mu da muka tashi muna kallon duwatsun Shere mun san gari yana kyau in hanya ta kewaye dutse ta hau tudu. Bar duwatsun inda ka same su. Gida ɗaya ma in ka kwafa, juya shi da //rotate, ka canza masa ƙofa ko tsayin katanga, kada layi guda ya fito iri ɗaya sak.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar akawun ɗin Minecraft a rabin kuɗi a WhatsApp da Facebook. Sau da yawa na sata ne, mai shi na ƙwace abinsa kuɗinka sun tafi. Haka masu tura maka fayil wai wasan ne kyauta, ba ka san abin da suka cusa a ciki ba. Saya a shafin Minecraft na ainihi da akawun ɗin Microsoft naka na kanka. Tun 2022 sayen na kwamfuta ɗaya yana ba ka Java da Bedrock tare, ka ga in abokanka na waya suka kira wasa, sai ka buɗe Bedrock a Windows ka same su. Sai dai garin da ka gina a Java ba ya buɗuwa a can kai tsaye.

Wajen sayen laftof ɗin, kada ka yarda da sitikar da ke jikinta ko rantsuwar mai shago. Shiga saitin Windows da kanka ka ga RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ya kai 8GB, kuma SSD ne a ciki, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Zare caja ka ga ko batir zai riƙe. Java na da gwaji kyauta na kusan minti 100, ka kunna shi nan a shagon, ka sa kunne a fanka, ka taɓa ƙasanta ka ji zafin. In mai shago ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama ka wuce na gaba. Ka haɗa da filash guda, ka riƙa kwafe fayil ɗin garin a kai duk ƙarshen mako, musamman kafin ka ɗora wa wasan wani sabon ƙari.