Kwanon bak alu-zink a rufin tsofaffin azuzuwan CEG: ya ci kuɗinsa?

Duk kwamitin kula da makaranta (COGES) da ya tashi gyaran tsohuwar ƙaramar makarantar sakandare (CEG) a karkarar Damagaram, ko a Mirriya ne ko Magarya ko Tanut, rufi ne ke cinye mafi yawan abin da iyaye suka tara. A kasuwa kuwa zaɓi biyu ne: siririn kwano mai tudu da kwari da aka saba da shi, ko kwanon bak alu-zink da ake yanka maka daidai tsawon da ka nema. Mu dai bak muka fi yarda da shi, amma da sharaɗi.

Ƙarfe ne da aka lulluɓe da haɗin alminiyom kashi 55 cikin 100, sauran kusan duk zink, shi ya sa yake jinkirin tsatsa kuma yake mayar da hasken rana, aji ya ɗan yi sauƙin zafi a watan Afrilu. Ga makaranta kada a sauka ƙasa da kauri 35/100, wato milimita 0,35. A nan ake yawan cutar mutane: a rubuta 35 a takarda, a kawo abin da bai kai ba. Ido ba ya ganewa, sikeli ke ganewa. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai wannan kauri yana kai kusan kilo 2,7, don haka a auna falle ɗaya a gaban mai shago kafin a ƙirga masa jikkuna.

Aji mai mita 9 da 7, idan aka bar baki na rabin mita kowane gefe, rufinsa murabba'in mita 80 ne. In faɗin da falle ke rufewa santimita 80 ne, falle 13 masu tsawon mita 8 za a saya. Sai dai falle mai mita 8 ba ya son amalanke, kafin ya isa ƙauye ya lanƙwashe. Inda babbar mota ba ta shiga, a sa a yanka shi biyu, a ƙara santimita 20 na hawa juna.

Aibin kwanon bak na farko tsada. Na biyu, ba ya yafe aikin ganganci. Ɗanyen siminti yana cin lulluɓinsa, don haka magini ya share duk abin da ya ɗiga kafin ya bushe. Yanka shi da injin faifai yana ƙona bakin, garin ƙarfen da ya watsu a kai kuma ya zama ɗigon tsatsa bayan ruwan farko. Da almakashin kwano ake yankansa.

Abin da ke yaye rufin makarantu a iskar farkon damina galibi ɗauri ne, kwanon kansa lafiyarsa lau. Iska daga baki da kusurwa take kamawa. Ƙarafan da kwano ke kwanciya a kai kada tazararsu ta wuce mita ɗaya da ƴan kai, kuma a ɗaure su da rodi cikin ɗamarar siminti ta saman bango. Tsohon ginin da ba shi da wannan ɗamara, sai an zuba ta tukuna, in ba haka ba iska za ta ɗauke kwano da ƙarafansa gaba ɗaya. Ƙugiya uku a kowane falle kan kowane ƙarfe, kowace da robarta, a saman tudu ba cikin kwari ba: aji ɗaya zai ci sama da 300. Masu shago da yawa suna haɗawa da roba mai arha wadda rana ke fasawa, daga nan yoyo ya fara. A saye ta dabam.

Ta fuskar kuɗi, a karɓi takardar ƙiyasi daga shago uku, kowace ta nuna kauri da tsawo da kuɗin dako. Gudummawar iyaye bayan girbi take shigowa, alƙawarin ofishin magajin gari kuma yakan makara, to in kuɗin bai isa ba a gama aji biyu sosai, sauran su jira. Aikin ya faɗa tsakanin Janairu da Mayu, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin magini har ruwan farko ya gwada rufin.

Kada a kwashe yara zuwa rumfar zana na dogon lokaci da sunan ana gyara. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ta kashe yara da dama. A yi aji ɗaya bayan ɗaya. Tunda mai walda yana wurin, a sa ya juya ƙofofi su riƙa buɗewa waje, a toshe ramukan da jemagu ke bi su shiga silin, wayar lantarki da ke bin ƙarfen rufi kuma a saka ta cikin bututu.