Ruwan maganin "ƙara sojojin jiki" da na saya wa Gwaggo: tauraro ɗaya na ba shi

Jama'a sai da na jira wata biyu kafin in rubuta wannan don bana son in zalunci kowa. Gwaggona na fama da ciwon daji na nono, nan unguwar Aboabo muke a Kumasi ta Ghana, wata maƙwabciya ta kwatanta min wani shago cikin kasuwa wai suna da magani mai ƙara sojojin jiki su cinye dajin. Kwalba sidi 350, na tura kuɗin ta momo, wato ta waya, na ɗauko biyu. Mai shagon akwai fara'a, kwalbar ma fes, iya abin da zan yaba kenan. Ba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki, ba a rubuta abin da aka haɗa ba, kwana huɗu Gwaggo na sha tana amai.

Ranar da muka koma asibitin Komfo Anokye na nuna wa likita, Allah ya saka mata tana jin Hausa, tace wa Gwaggo, Hajiya dan Allah ki ajiye wannan, hantarki na da aiki babba da kemo, wato maganin dajin da ake ba ki a asibiti. Sai ta zaunar da ni tayi min bayanin da har yau yake yawo a kaina.

Tace matsalar ba ƙarancin soja ba ce kawai. Cikin sojojin akwai wasu ƙwayoyi da ake kira Tireg, aikinsu raba faɗa, su ke hana garkuwa ta juyo ta cinye jikin mai ita, wato rahama ce. Wani Bajapane Shimon Sakaguchi ya gano su a 1995, a 2025 aka ba shi kyautar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. To shi daji wayo gare shi, sai ya tara Tireg ɗin a gindinsa su zama dogaransa. Ƙarin dajin yana zuƙe suga ya bar wani tsami da ake ce wa laktet, sojojin da suka zo yaƙi yunwa ta galabaitar da su, amma su Tireg ɗin nan tsamin ma abinci ne a wurinsu, ga wani sinadari IL-2 da kowa ke buƙata su suke wawushe shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali mutuwarsu. Na ɗauka in sun mutu shikenan an huta, ashe ko suna mutuwa suna zubar da wani abu da ke rikiɗa ya zama adinosin, shi kuma ya ƙara kashe wa sojojin jiki gwiwa. Masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna haka a 2017. Tsakani da Allah abin da manyan masana ke ta fama da shi shekara da shekaru, ta yaya kwalbar da ba ta ma san soja daga dogari ba za ta warware shi?

Na mayar da ɗayar da ba a buɗe ba, mai shagon yace ba a dawo da kaya. Ban ja ba. Gwaggo ta daina amai, ranar Alhamis za ta karɓi kemo na uku, ku sa ta a addu'a.