Zauren manoma na WhatsApp: yana da amfani, amma da damunar Arewa yake lissafi

Ga masu noman ganye irina a gefen Ojo da Iyana Iba a Legas, malamin gona sai dai a ji labarinsa. Gidajen rediyon Legas kuwa yawancinsu da Yarbanci suke magana, ko Turanci, ko Pidgin. Shi ya sa na shiga wani zauren manoma na WhatsApp da wani malamin gona daga Zariya yake gudanarwa, kuma ga abin da na gani.

Babban abin da ya rike ni shi ne saƙon murya. Da yawanmu ba boko muka yi ba, kuma mutumin da hannunsa ke cikin laka ba ya da lokacin karanta dogon rubutu. Ka ɗauki hoton ganyen, ka tura, ka ce "Malam, duba min." Da alayyahuna ya fara yin rawaya daga ganyen ƙasa, na tura hoto. Kafin la'asar ya amsa cewa ba cuta ba ce, yunwa ce: ƙasarmu yashi ce, ruwan sama yana wanke taki ya tafi da shi. Ya ce in raba yuriya kashi-kashi maimakon in zuba gaba ɗaya, in ƙara kashin kaji da ya ruɓe. Cikin 'yan kwanaki fadamar ta dawo kore shar. Shi ne kuma ya dinga ja mana kunne kan tazarar da ke tsakanin feshi da yanka, abin da mai sayar da magani ba zai taɓa gaya maka ba, alhali alayyahu kusan mako huɗu kawai yake yi a ƙasa.

Farashi ma ana samu. 'Yan kasuwar kayan gwari ta Mile 12 a nan Legas da ke cikin zauren kan faɗi motocin tumatir da suka shigo da asuba, sai na Kano da Kaduna su san ko su ɗora kaya ko su dakata.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Kusan duk shawarar da damunar Arewa aka auna ta. Ana cewa a jira ruwan Yuni, mu kuwa tun Maris ko Afrilu muke cikin ruwa, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba. Ko hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon shekara, ɓangaren Arewa kaɗai ake karantowa. Ka tambayi maganar ugu ko lalo, wanda Yarbawa ke saye kullum, sai ka ji shiru. Ga masu turo bidiyon siyasa da tallan "maganin ƙwari mai kashe komai" suna cinye wa mutum data.

Mai noman masara ko tumatir a gida Arewa zai more zauren sosai. Mu na Legas, hoton ganye da batun taki muke ɗauka. Ranar shuka kuwa, tsofaffin fadamar nan nake tambaya.