Solr ko Elasticsearch: wanne ya dace da rumbun takardunku?

Malam, ka ce ɗakin karatunku ya tara kundayen bincike da tsofaffin jaridun Hausa a PDF, kuna son mai nema ya rubuta kalma ya ga duk inda ta fito, kuma sabar ɗaya kuke da ita. Solr da Elasticsearch duk manhajojin binciken kalma ne a cikin tarin takardu, amma a ganina Solr ya fi dacewa da ku.

Injin da ke cikin su biyun ɗaya ne, wato Lucene, wanda Doug Cutting ya rubuta da Java a 1999. Solr ya fara ne a kamfanin CNET a 2004, aka miƙa shi ga gidauniyar Apache a 2006. Elasticsearch kuwa Shay Banon ya fitar da shi a 2010. Don haka wajen saurin zaƙulo kalma, ba za ka ga wani bambanci a aiki irin naku ba.

Lasisi ne babban abin dubawa. Solr bai taɓa barin lasisin Apache ba, wanda ya bai wa kowa damar amfani da manhajar da gyara ta kyauta. Elastic kuwa, kamfanin da ke yin Elasticsearch, ya sauya nasa a 2021, abin da ya sa Amazon ta ɗauki sigar 7.10.2 ta gina nata mai suna OpenSearch, wanda ya koma hannun Linux Foundation a 2024, shekarar da Elastic ya ƙara lasisin AGPL, wani lasisin buɗaɗɗiyar manhaja. Hukumar da ke son kwanciyar hankali ta shekara goma, wannan tarihin ya isa ta yi tunani.

Inda Elasticsearch ya yi zarra shi ne bibiyar bayanan sabar masu kwarara dare da rana, da zane-zanen Kibana, manhajarsa ta nuna bayanai, da sauƙin ƙara na'urori. Ku ba wannan ne gabanku ba. In kuma DSpace, manhajar adana kundayen bincike, kuke amfani da shi, to Solr ɗin ma yana nan a cikinsa tuntuni.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausar kanta, don babu ɗayansu da ya zo da tsarin tantance kalmominta. Ɗalibi zai rubuta "kasa" a waya, alhali a kundin "ƙasa" aka buga, sai a ce masa babu. Matatar ASCIIFolding, wadda duka biyun ke da ita, tana mayar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ zuwa b, d, k, y. Amma ka kunna preserveOriginal, don kada ainihin rubutun ya ɓace, tunda "kasa" ma kalma ce mai ma'anarta daban. Jam'i kuwa da hannu za ku shigar a fayil ɗin synonyms.txt: littafi da littattafai, gida da gidaje. Aikin haƙuri ne, gara a sa malamin Hausa a ciki.

Jaridun da aka ɗauka a hoto kuma, sai an bi su da OCR tukuna, wato fasahar gano haruffa a cikin hoto, in ba haka ba babu abin da injin zai karanta. Ku fara gwaji da kundi ɗari, ku nemi kalmomin da kuka tabbata suna ciki.