Tuwon dawa a gidan gilashi

Akwai wani gidan abinci a ƙasan ɗaya daga cikin sababbin benayen da suka tsiro a titin da ya tashi daga Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. Tun da aka buɗe shi nake leƙawa jefi-jefi, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci da baƙi.

Ginin bai burge ni ba. Gilashi ne daga sama har ƙasa, farin tayil, silin mai shuɗayen fitilu, ga talabijin ana ta ƙwallon Ingila. In aka rufe wa mutum ido aka zaunar da shi a ciki, ba zai iya rantsuwa kan ko a Katsina yake ko a Kaduna ko a Abuja ba. Tun da garin nan ya zama babban birnin jiha a 1987 ake ta gine-gine, kuma ina murna da hakan. Damuwata ita ce benayen duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Ga shi gaban wannan yamma yake kallo, da la'asar rana ta daki gilashin, in babu wuta sai janareto ya yi ta kuka kafin a iya zama. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka mayar gidan tarihi, ya san irin sanyin da katangar ƙasa mai kauri ke riƙewa ko a tsakiyar bazara. Magabatanmu sun san zafin garinsu, da shi suka yi lissafin gininsu.

An manna hoton Hasumiyar Gobarau kusa da wurin biyan kuɗi, bugun leda, har ya fara koɗewa. Abin ya sosa mini rai. Magina ba su ƙare a garin nan ba. Da an ba ɗayansu bango guda ya yi masa yaɓe da zanen dagi, da wurin ya yi kama da mu fiye da hoto goma.

To, abincin fa? A takardarsu soyayyar shinkafa da shawarma da kaza da dankali ne a sama da manyan baƙaƙe. Na ci, ba laifi, irin wanda za ka samu ko'ina ne. Sai ka gangara can ƙasa za ka ga tuwon dawa da miyar kuka, da dambu, da ɗanwake. Nan ne dalilin zuwana. Wata dattijuwa ce daga cikin gari ke tuƙa tuwon, kowa Inna yake ce mata. Da mara take kwashe shi, ba ta ƙulle shi a leda, yana zuwa da tururinsa, ba gudaji ko ɗaya. Miyar ta kaɗu sosai, ta ji daddawa da busasshen kifi, ba a cika ta da dunƙulen magi har ya danne komai ba. Man shanu a ɗan kwano daban ake kawo shi, soyayye da albasa, kai za ka zuba daidai son ranka. Na kai wani abokina Bakano, ya yi loma biyu ya ɗago kai ya ce a kira masa mai girkin ya gaishe ta. Dambun ma ya ji zogale da gyaɗa, a warware yake, bai caɓe ba.

Furarsu ce ban yafe ba. A inji suke dama ta da yogot da sukari mai yawa, a zuba a kofin roba da ƙanƙara. Fura tana son ƙwarya da ludayi da nono mai ɗan tsami, ka ji gari da yajin citta da kanumfari a harshenka. Masu tallar nono a bakin kasuwa sun fi su nesa ba kusa ba.

Yaran da ke hidima kuwa sun sami tarbiyya. Kana zama za a russuna, "Sannu da zuwa Baba," a kawo buta da roba ka wanke hannu. In miya ta ƙare maka ana ƙarawa ba a sa a lissafi. Ba banza ake ce wa Katsina ɗakin kara ba, kuma a wurin yaran nan na fi ganin hakan. Akwai wurin alwala da salla mai tsabta a baya.

Na roƙi mai wurin ya ware ɓangare guda ya shimfiɗa tabarmi, don tuwo a kan dogon tebur da cokali ba ya shiga yadda ya kamata, ya kuma keɓe wa mata da iyali wajen zama. Ya ce, "In sha Allahu Baba, muna kan shiri." Kuɗin tuwon bai kai rabin na shinkafa da kaza ba. Mai so ya je da an sallame magariba, don tukunyar Inna ba ta cika kaiwa bayan isha'i ba.