Jiran tallafi ko sayen ƙwai daga aljihu: amsa ga mai kula da ɗakin kayan tarihi

Malam, na ga tambayarka jiya da daddare. Ka ce ɗakin adana kayan tarihin da kake kula da shi a cikin garin Bauchi yana da fitilun halojin guda 30, kuɗin wuta ya sha muku kai, kuma ka karanta cewa a wasu ƙasashe ana mayar wa mutum wani kaso na kuɗinsa idan ya koma ƙwan LED. Kana so ka san wanne ya fi: ku jira irin wannan tallafi, ko ku shiga kasuwar Wunti ku saya da abin da ke hannunku.

Abin da ka karanta gaskiya ne, amma tsari ne na kamfanonin wuta a Amurka da makamantanta. Su a can rage wa layinsu nauyi ya fi musu sauƙi a kan gina sabuwar tasha, shi ya sa suke biyan mai saye don ya rage shan wuta. Mu nan da wutar ba ta ma isa ba, kada ka ɗora lissafinka a kan haka.

Bari mu fara da hanyar aljihu, don ita ce lissafinta yake a fili. Halojin 30 masu wat 50 suna jan wat 1,500. Idan suna kunne awa 8 a rana, kwana 26 a wata, yunit 312 ke nan. LED mai wat 6 yana ba da haske kusan ɗaya da na kowannensu, jimilla wat 180, wato yunit 37 da ɗoriya a wata. Kusan yunit 275 sun dawo muku. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin rukunin Band A (layukan da suka fi samun wuta) naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta, amma farashin ya tsaya sama da naira 200. In layinku na wannan rukuni ne, abin da zai rage muku ya haura naira 50,000 a wata. Ga kuma daɗewa: halojin yana yin kamar awa 2,000 ya ƙone, LED mai kyau yana wuce 15,000.

Sharaɗi ɗaya ne, sai kuna da mita. In har yanzu takardar ƙiyasi ake kawo muku, fara da neman mita a ofishin JED, kamfanin da ke rarraba wuta a Bauchi, don ba tare da ita ba ragin ba zai fito a takarda ba. A ɓangaren janareta kuwa za ku gani nan take, domin wat 180 ƙaramar inbata da batir da farantin sola ɗaya ko biyu sun ɗauke shi.

Inda nake jin tsoron wannan hanya shi ne ingancin ƙwan. Na taɓa tsayawa gaban wata babbar riga ta saƙi da aka rataye shekaru ƙarƙashin fitila ɗaya. Kafaɗar da hasken yake duka ta koɗe ta koma toka-toka, ɗaya kafaɗar tana nan da shuninta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don launin da haske ya ci ba ya dawowa. Halojin yana fitar da zafi, dogon ƙwan fulorasan yana fitar da hasken UV da ido ba ya gani amma yana cin rini da tawada. LED ya rage duka biyun sosai, sai dai mai arha yana ɓata kamannin kaya, ja ya koma kamar ƙasa. Duba kwalin: CRI, wato ma'aunin yadda ƙwan yake nuna ainihin launin kaya, ya kai 90 ko fiye, launin hasken kuma 3000K, mai ɗumi, ba fari fat irin na shagon waya ba. Sayi guda biyu tukuna, ka sa jar fata da shuɗin zane a ƙarƙashinsu ka gani da idonka. Kuma ko da LED ne, tufafi da takardun ajami ba a ba su haske fiye da luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin hasken da ke sauka a kan abu). Itace da fatar da ba a rina ba suna jure har 200.

Hanyar tallafi tana nan, amma ba da sunan rage kuɗin wuta ake samunta ba. Asusun jakadun Amurka na kare kayan al'adu, wanda ya fara aiki a 2001 kuma ya tallafa wa aiki a dajin Osun-Osogbo, yana duba buƙatar samar da muhalli mai aminci ga kayan da ake nunawa. Don haka takardarku ta yi magana a kan ceton riguna da rubuce-rubuce, fitila ta shigo a matsayin wani sashe na aikin, tare da akwatunan gilashi da na'urar auna haske. Za su nemi rajista, jerin kayan da hotunansu, da wasiƙar amincewa daga hukumar da ke da hurumi. A nan NCMM ce, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Ma'aikatanta da ke Bauchi su ne farkon waɗanda ya kamata ka je ka gaisa da su. In ɗakin na ƙarƙashin jami'a ko kwalejin gwamnati ne, ƙofar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta hannun shugabannin makarantar take. Duk waɗannan suna cin watanni, wani lokaci shekara, kuma masu nema sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba.

Ni dai da ni ne kai, ba zan bar rigunan nan ƙarƙashin halojin ina jiran amsar wasiƙa ba. A wannan makon zan kashe fitilun da ke kan tufafi da takardu in ba baƙo a ɗakin, in canja guda goma da suka fi kusa da su, sannan in sayi sauran da rarar wata biyu ko uku. Takardar neman tallafi kuma a rubuta ta don akwatunan gilashi da sola, waɗanda aljihunku ba zai ɗauka ba. Ajiye takardun kuɗin wuta na kafin canji da na bayansa, ka ɗauki hoton kowace riga yau, za ka buƙace su ranar da za ka cike fom.